Yadda mutum ke tashi mita 250 babu inji, da abin da ya haɗa shi da kwanon gidanka a Sintali

Duk lokacin da sanyi ya kama a Turai, sai bidiyoyin nan su fara yawo a WhatsApp da TikTok. Za ka ga mutum da matsattsun kaya da hular kwano ya zamo daga kan wata doguwar gangara ta dusar ƙanƙara, ya cilla cikin iska, ya kwanta bisa wasu dogayen katakai guda biyu, yana ta tafiya kamar ba zai sauko ba. A majalisun Sabo a Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa a Owerri, musu ake tafkawa a kai. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne, wani ya ce akwai igiyar da ke riƙe da shi, wani kuma ya ce ai tsafi ne irin nasu.

To, babu ko ɗaya a ciki. Wasa ne da ake kira tsallen zamiya, kuma abin da ke riƙe da mutumin nan iska ce kawai. Ranar Lahadi 30 ga Maris 2025, ranar da muke Ƙaramar Sallah a Najeriya, wani ɗan ƙasar Sulobeniya mai suna Domen Prevc ya yi tsallen mita 254.5 a garin Planica, ya kafa sabon tarihi. Wannan ya kusa tsawon filin ƙwallo biyu da rabi. Idan kana son ka gane girman abin, tuna cewa Chioma Ajunwa da tsallen mita 7.12 ta ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta a 1996.

Dalilin da ya sa muka ɗauko maganar ya wuce kallo da mamaki. Ƙarfin da ke ɗaga Domen Prevc shi ne dai ƙarfin da ke yaye kwanon gidaje a Sintali da sauran unguwannin Jalingo duk farkon damina. Da yawa cikinmu muna nan kudu muna tara kuɗi muna aikawa gida ana gini. Wanda ya gane yadda ɗan tsalle ke sa iska ta ɗauke shi, zai gane yadda zai hana ta ɗauke masa rufi.

Daga ina wasan ya fito?

Asalinsa ƙasar Norwe ne. A 1808 wani soja mai suna Olaf Rye ya yi tsallen mita 9.5 a gaban abokan aikinsa, shi ne na farko da aka rubuta. Wasan yana cikin gasar Olamfik ta lokacin sanyi tun wadda aka fara a Chamonix ta Faransa a 1924, amma mata sai a 2014 aka ba su dama, a Sochi ta Rasha, inda Bajamushiya Carina Vogt ta yi nasara.

Sepp Bradl ɗan Ostiriya shi ya fara haye mita 100, a Planica a 1936. Toni Nieminen ɗan Finlan shi ya fara haye mita 200 ya kuma tsaya da ƙafafunsa, a nan Planica ɗin a 1994. A Afrilun 2024 Ryoyu Kobayashi ɗan Japan ya yi mita 291 a wata gangara da aka gina masa musamman a Aisilan, sai dai hukumar wasan ta duniya, FIS, ba ta lissafa shi a tarihi ba saboda ba a gasa ya yi ba.

Daga mita 9.5 zuwa sama da 250. Ƙafar ɗan Adam ba ta ninka ƙarfinta sau ashirin da biyar ba a shekaru 200. Abin da ya sauya shi ne girman gangarar, da kayan aiki, da kuma sanin yadda ake mu'amala da iska.

Abubuwa uku da ke kokawa a kansa

Da zarar ƙafar ɗan tsalle ta bar ƙasa, abubuwa uku ne ke aiki a jikinsa. Na farko nauyinsa, wato jan da ƙasa ke yi masa. Na biyu turjiyar iska, wadda ke tura shi baya tana rage masa gudu. Na uku ɗagawar iska, wadda ke tallafe shi sama.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da taga a mota ya san biyun ƙarshen nan, ko bai san sunansu ba. A hanyar Wukari zuwa Jalingo, in direba ya taka mota, ka ɗan fitar da tafin hannunka. In ka tsayar da shi kamar mai cewa "dakata", iska za ta banke shi baya. Turjiya ke nan. In ka kwantar da shi shafal, sai ya ratsa iskar babu wahala. In kuwa ka ɗan ɗaga yatsun sama kaɗan, za ka ji hannun yana son tashi da kansa. Ɗagawa ke nan. Abin da ya faru shi ne hannunka ya karkatar da iskar zuwa ƙasa, ita kuma ta rama ta tura shi sama. A ƙarƙashin hannun iska ta matsu, a samansa kuma matsin ya ragu, to wannan bambancin shi ke ɗaga shi. Da haka shirwa ke shawagi ba ta kaɗa fiffike, da haka kuma jirgin da ke tashi daga filin jirgin Danbaba Suntai yake barin ƙasa.

Ga wata ƙa'ida da nake so ka riƙe, don za mu dawo kanta: in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. In ya ninka sau uku, ƙarfin ya ninka sau tara. Shi ya sa hannunka ba ya jin komai a cikin gosulo, amma a buɗaɗɗen titi kamar za a fizge shi.

Gangara: neman gudu

Ɗan tsalle yana farawa ne daga kan wani benci can sama. Gangarar tana da tsawon kusan mita 100 a manyan wurare, kuma ta karkata kimanin digiri 35. Ƙafafunsa na kan katakan zamiya biyu, kowanne na bin layinsa da aka haƙa a ƙanƙara. Babu burki, babu juyawa. In ka saki bencin, shi ke nan.

A nan turjiya ita ce abokiyar gaba. Don haka sai ya tsuguna, ƙirji bisa cinya, baya a shimfiɗe, hannaye a baya sun manne da jiki. Ka ga yadda ɗan acaɓa ke kwanciya a kan tanki in yana son mashin ya ƙara wuta? To haka ne. Kafin ya kai ƙarshe gudunsa ya kai kilomita 90 a awa, a wuraren tsalle mafi girma ma yakan wuce 100.

Dab da ƙarshe gangarar tana lanƙwasa ta fara miƙewa. A wannan lanƙwasar jikinsa yana danne ƙafafunsa da kusan ninki ɗaya da rabi na nauyinsa, irin yadda ake jin an danna mutum cikin kujera in mota ta faɗa kwari da gudu ta fara hawa. Dole ya jure wannan ba tare da ya karkata gaba ko baya ba, domin abin da ke tafe shi ne mafi wuya.

Ƙiftawar ido guda

Mutane da yawa suna zaton bakin gangarar a ɗage yake sama, yana harba mutum kamar gwafa. A'a. Bakin ma kallon ƙasa yake, da kimanin digiri 10 zuwa 11. Duk tashin da za a samu, daga ƙafar ɗan tsalle zai fito.

Lokacin da yake da shi bai kai sulusin daƙiƙa ba. Yi lissafi: kilomita 90 a awa mita 25 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ke nan cikin mita 6 zuwa 7 na ƙarshe zai miƙe daga tsugune. In ya makara da kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa, ya riga ya wuce bakin da mita guda, ƙafarsa iska za ta taka. In ya yi gaggawa, ƙarfin ya ƙare kafin ya iso.

Miƙewar nan ma ba irin tsallen da muka sani ba ce. In za ka yi tsalle, kana ɗan durƙusawa, ka wurga hannu, ka tashi da yatsun ƙafa. Shi ba shi da ko ɗaya. A tsugune ya taho, hannayensa na baya, takalminsa kuma mai tauri ne da ba ya barin idon sawu ya yi aiki sosai. Naman cinya da na ƙugu su ke ɗaukar aikin gaba ɗaya, gwiwa da ƙugu su buɗe tare. Ga kuma santsi a ƙasa, ba za ka iya tokare ƙanƙara ka tura kanka gaba ba, sai dai ka danna ta kai tsaye. Gudun tashin da yake samu bai wuce mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba. A dandaɓar ƙasa wannan tsallen bai kai rabin mita ba.

Akwai kuma abu na biyu da yake yi a wannan ƙiftawar, wanda ido ba ya gani. Yana tura jikinsa ya fara juyawa gaba, kamar mai shirin faɗuwa da fuska. Me ya sa? Domin da ya fita, iska za ta bugi ƙasan katakan ta ɗaga kawunansu, ta nemi ta wuntsila shi baya. Juyawar da ya ɗauko daga gangara ita za ta kashe wannan. In ta yi kaɗan, sai ya tsaya a miƙe kamar ƙofa, iska ta cinye masa gudu, ya sauka kusa. In ta yi yawa, kawunan katakan su nutse, iska ta koma ta samansu, ya kife da kai. Wannan ne hatsarin da suka fi tsoro. A Maris 2021 Daniel-André Tande ɗan Norwe ya yi mummunar faɗuwa a Planica jim kaɗan da barin gangara, sai da likitoci suka sa shi dogon barci na kwanaki. Allah Ya yi da sauran kwana, ya warke har ya koma wasa.

Ya zama fiffike

Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da fita, ɗan tsalle ya riga ya kwanta. Jikinsa ya miƙe gaba har fuskarsa ta kusa kai tsakanin kawunan katakan, hannaye a gefe suna ɗan gyara masa hanya kamar jelar tsuntsu. Diddigensa ba a ɗaure yake ƙam ba, gaban takalmin ne ke maƙale, shi ya sa yake iya wannan kwanciyar. Shi da katakan sun zama fiffike guda, suna fuskantar iska da kusurwar kimanin digiri 30 zuwa 35. In kusurwar ta ragu, ɗagawa ta ragu. In ta wuce kima, turjiya ta yi yawa.

A babbar gangara iska kan ɗauke kusan rabin nauyinsa. Ka lura, rabi na ce. Bai daina faɗuwa ba, faɗuwar ce ta zama a hankali. Sirrin sauran yana ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa: an sassaƙa tudun ne ya bi hanyar faɗuwarsa, yana sauka ƙasa na guje masa. Kyamara ce ke sa a ga kamar yana can cikin gajimare, alhali yawanci bai fi 'yan mitoci tsakaninsa da ƙasa ba. Tafiyar duka daƙiƙa 5 zuwa 8 ce, gwargwadon girman wurin.

Ba a wayi gari da wannan kwanciyar ba. Da can a tsaye ake tsalle ana kaɗa hannaye. Tun a shekarun 1920 wani injiniya ɗan Suwizalan, Reinhard Straumann, ya gwada siffar ɗan tsalle a ɗakin gwaji mai ƙatuwar fanka, ya nuna cewa kwanciya gaba ta fi. Daga baya aka koma haɗe katakai a jere, hannaye a jiki, aka daɗe ana ganin wannan shi ne ƙarshen iyawa.

Sai ga Jan Boklöv ɗan Suwidin a tsakiyar shekarun 1980, ya fara buɗe kawunan katakansa yana haɗe gindinsu, siffar ta zama kamar lamba bakwai ta Larabci, ko harafin V na boko. Alƙalai suka ce abin ya yi muni, suka riƙa yanke masa maki. Amma nisan da yake yi ya fi ƙarfin yankan, har ya lashe gasar kofin duniya ta 1988 zuwa 1989. Dalili a fili yake. In katakan na jere a ƙarƙashin jiki, suna tare wa jikin iska. In aka buɗe su, ƙirji da ciki su samu tasu iskar, katakai su samu tasu, faɗin fiffiken ya ƙaru. Ana ƙiyasta ƙarin ɗagawar da kusan kashi 30 cikin 100. Zuwa farkon shekarun 1990 kowa ya koma salon Boklöv, waɗanda suka yi masa dariya har da su.

Iskar wurin ma tana da tata. Wadda ke busowa daga gaba alheri ce, domin tana ƙara gudun iskar da ke ratsa jiki. Wadda ke biyowa ta baya kuwa ita ke kayar da mutum da wuri. Saboda haka ne aka kafa na'urorin auna iska a gefen tudu, ana ƙara wa wanda iska ta cuta maki, ana rage wa wanda ta taimaka.

Sauka

Ta yaya mutum zai diro da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa ƙafarsa ba ta karye ba? Dubi kwandastan danfo a Oshodi. In zai diro mota na tafiya, ba ya dirowa ya tsaya cak, yana bin motar da gudu har ya rage. Ɗan tsalle ma haka. Wurin saukar a gangare yake, sama da digiri 30, kusan daidai da hanyar da yake tahowa. Ke nan shafar ƙasa yake yi ya ci gaba da zamiya, bugun da ke shiga ƙafarsa kaɗan ne. Amma can ƙasa tudun yana fara miƙewa. Wanda ya wuce iyakar da aka shata ya sauka a wurin, shi ne yake jin bugu na gaske, gwiwa kuwa ita ke biyan bashin. Shi ya sa in alƙalai suka ga ana yin nisa da yawa, sai su sauko da bencin farawa don gudu ya ragu.

Salon saukar da ake so shi ne ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannaye a buɗe. Sunansa Telemark, sunan wani yanki ne a Norwe. Maki kashi biyu ne: na nisa da na kyau. Akwai layin da ake kira K, wanda ya sauka a kansa yana da maki 60, kowace mita gaba ko baya tana ƙara ko rage maki 2 a matsakaiciyar gangara, 1.8 a babba. Alƙalai biyar kuma kowa na ba da har 20, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a tara ukun tsakiya.

Yunwa da ɗinki

Matan da ke shiƙar hatsi sun san wani abu da masu wannan wasa suka gano daga baya: iska ƙaiƙayi take ɗauka ta bar tsaba. Mutum biyu masu faɗi ɗaya, wanda ya fi rashin nauyi shi zai fi nisa. Da aka koma salon V wannan ya ƙara fitowa fili, sai 'yan wasa suka shiga horar da kansu da yunwa, wasu har ta zame musu cuta.

A 2004 FIS ta shigo da doka ta ɗaure tsawon katako da nauyin jiki. A yau katako ba ya wuce kashi 145 cikin 100 na tsayin mai shi, kuma ba za ka samu wannan cikakken tsawon ba sai ma'aunin jikinka ya kai 21, wato in an raba nauyinka da tsayinka sau tsayinka. Misali, mai tsayin mita 1.75 sai ya kai kusan kilo 64 kafin a bar shi ya hau katako mai mita 2.54. In ya rame, a rage masa katako, ribar ramar ta tafi.

Sai kuma kaya. Duk wanda ya hau mashin da babbar riga ya san yadda take kumbura tana jan sa. A wurin ɗan tsalle wannan kumburin riba ce, don haka doka ta ƙayyade kaurin yadin, da yawan iskar da dole ta iya ratsa shi, da 'yan santimitocin da aka yarda rigar ta fi jiki. A Maris 2025, a gasar duniya da aka yi a Trondheim, an ɗauki bidiyon jami'an tawagar Norwe a ɓoye suna ƙara wani ɗinki mai tauri a kayan 'yan wasansu. Aka soke sakamakon Marius Lindvik da Johann André Forfang a babbar gangara, Lindvik ya rasa azurfar da ya ci. Shugabannin tawagar sun amsa cewa an yi maguɗi, 'yan wasan biyu kuma suka ce ba da saninsu ba. Ka ji fa, zare guda a ɗinki ya isa ya jawo abin kunya ga ƙasar da ta haifi wasan. Haka iska take, ƙaramin abu ba ƙarami ba ne a wurinta.

To, mu dawo Sintali

Daga wajen Afrilu zuwa Mayu, in hadarin farko ya taso a Jalingo, iska ce ke riga ruwa isowa. Da gari ya waye sai ka ga kwano a kan titi, wani a rataye a wayar lantarki, wani rufin ma gaba ɗayansa da katakansa ya sauka a gidan maƙwabci. Mukan ce iska ta ture rufi. Gaskiyar ita ce ɗaga shi ta yi, kamar yadda take ɗaga Domen Prevc.

In iska ta bugi bangon gida sai ta haye ta bi ta saman kwano, matsin da ke saman ya ragu, na cikin ɗaki kuma yana nan, sai ya tura kwanon sama. Mu yi lissafi da gudun da muka riga muka sani. Iska mai kilomita 90 a awa tana da ƙarfin kimanin kilo 38 a kowace murabba'in mita. Rufi mai mita 10 tsawo da 10 faɗi murabba'i 100 ne. Ko da kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfin ne ya kama shi, ana maganar tan biyu da rabi na jan sama. Kwano kuwa ga faɗi ga rashin nauyi, shi ne ƙaiƙayin da muka ambata. Ka tuna kuma da ƙa'idar nan: rufin da ya jure iska mai kilomita 45 shekara da shekaru, ranar da ta kai 90 ninki huɗu zai fuskanta.

Ɗan tsalle yana neman faɗi, da kusurwa, da rashin nauyi. Mai gida kishiyar haka zai nema. Ga abin da ya kamata ka tambayi kafinta da magini kafin ka tura kuɗin rufi:

Na ɗaya, da me aka ɗaure katakon rufi da gini? Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, domin jan sama ake yi mata, ta hanyar da ta shiga take fita. A sa rodi ko langa-langa tun daga cikin kankaren linta, a naɗe katakon da shi. Rufin da ya tashi da katakansa, a nan aka yi sakaci.

Na biyu, gefe da kusurwa. A nan jan iska ya fi tsanani, kuma daga nan yayewa ke farawa. A ƙara yawan ƙusa a layukan gefe da na tsororuwa, a yi amfani da mai hula. Da kwano ɗaya ya ɗaga baki, iska ta samu ƙofa, sauran sai bi.

Na uku, kada bakin kwano ya zarce bango da yawa. Dogon baki kamar kan katakon ɗan tsalle ne, iska na shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga. In ana son inuwar baranda, a yi mata rufinta dabam, ta yadda in ta tafi ba za ta ja na ɗaki ba. A kuma rufe ƙasan bakin.

Na huɗu, siffa. Rufi mai gangara ta fuska huɗu ya fi jure iska a kan mai fuska biyu, kuma wanda ya kwanta sosai ya fi saurin tashi a kan mai matsakaicin tsayi. Katangar da ake ɗorawa ta ɓoye bakin kwano tana taimakawa, in an yi ta da ƙarfi an kuma fitar mata da hanyar ruwa.

Na biyar, a gaya wa iyali su rufe ƙofa da tagogin da ke fuskantar hadari. In iska ta shiga ɗaki ba ta da mafita, sai ta tura rufin daga ciki alhali ta waje na jan sa. Bulo da duwatsun da ake jerawa a kan kwano kuwa, in iskar ta fi ƙarfinsu, kan mutane suke faɗowa. Itatuwa irin su darbejiya a ɗan nesa da gini suna karya gudun iska, kuma ka san abin da rage gudu ke yi wa ƙarfinta.

Kuɗin langa-langa da ƙarin kilo biyu na ƙusa ba su kai kuɗin bandir ɗaya na kwano ba, balle asibiti.

Za a iya wasan a Taraba?

Wani zai tambaya, tunda muna da tsaunin Mambilla da sanyinsa, ga Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya. Dusar ƙanƙara dai ba ta sauka a Gembu ko Nguroje. Amma ita ba sharaɗi ba ce, domin tun shekarun 1950 Jamusawa suka fara shimfiɗa tabarmin roba ana jiƙa shi da ruwa ana tsalle da rani, har yau kuma ana gasa a kansa. Sai dai iskar kan tsauni ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka ɗagawarta ta fi rauni. Babban abin da ake buƙata shi ne kuɗin gini da kuma yaran da za a fara koya wa tun suna ƙanana a gangara mai 'yan mitoci, domin babu wanda ke fara wannan da girma ya kai ko'ina.

Najeriya ta fara zuwa Olamfik ta sanyi a 2018 a Koriya ta Kudu, da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo, a wasannin keken zamiya. A 2022 Samuel Ikpefan ya wakilce mu a Sin a tseren zamiya na dogon zango. Ɗan tsalle dai ba mu kai ga samu ba tukuna.

Kafin Allah Ya kawo shi, in bidiyon ya sake zuwa wayarka, ka dubi daƙiƙar da mutumin ke barin gangara, da yadda yake buɗe katakai, da yadda tudun ke guje masa, ka yi wa 'yan majalisa bayani. Sannan ka buga waya gida ka tambaya da me aka ɗaure rufin nan, tun hadari bai haɗo ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu damina mai albarka.